Ginin Arzika

Ban ji daɗi ba da Laminu ya kawo mini baƙon namiji har ƙuryar ɗakina, yana ƙwanƙwasa mini gida kamar mai sayen kankana. Na faɗa masa a gaban idonsa, ga shi kuma ina rubutawa. Ɗana ne, da guminsa na ma'aikatar siminti ya gina gidan nan na Malbaza, na sani. Amma ni ke kwana ciki, kuma mace mai shekara sittin da ɗoriya ba ta bukatar wani ya taso daga Konni bisa babur don ya nuna mata inda gidanta ya ruɓe.

Da littattafaina garar ta fara. Sai da na wuce arba'in na shiga karatun manya, a wata rumfar zana, da alli da allo kamar 'yar lakwal, wato 'yar firamare, sa'o'ina suna mini dariya. Littafi uku na cika da hannuna, na adana su cikin kwali ƙarƙashin gado. Bazarar bana, wata rana da zafi ya hana kowa sakat, na jawo kwalin in nuna wa jikata yadda na fara rubuta sunana. Kwalin ya taso, gindinsa ya zauna. Bangon littattafan na nan, ciki kuwa jar ƙasa ce, da 'yan fararen abubuwa suna gudun haske. Da muka ja gadon sai ga hanyarsu a jikin bango, siririya kamar jijiya, ta hau har silin. Wata kuma ta bi gefen katakon ƙofa.

Laminu ya kira wani Sahabi a waya, mai maganin gara, wanda sana'arsa ke nan, gida-gida daga Konni har Illela. Ya ce zai zo ranar Alhamis, ya ce kuma kada a taɓa komai. Laminu ya maimaita mini sau biyu. Na ji shi sarai. Ranar Laraba da hantsi, da ya tafi aiki, na ɗauki tsohuwar wuƙa da tsintsiya. Na kankare hanyar nan tun daga ƙasa har inda hannuna ya kai bisa kujera, na goge da jiƙaƙƙen tsumma, na kwashe ƙasar na kai juji. A wurinmu macen da aka ga gara a ɗakinta ƙazama ce, ko gidan na siminti ne, ko ta je Makka ta dawo.

Sahabi ya iso da jaka rataye, ciki da tocila da ƙaramar guduma da wani ƙarfe mai tsini. Magidanci ne, ba yaro ba, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Ya haska bangon, ya sake haskawa.

"Inna, ina sawun da anka ce mini?"

"Na share shi."

"Don mi?"

"Don ɗakina na, ba juji ba."

Bai yi fushi ba. Ya yi dariya ya ce ba ni ce ta fari ba, yawancin gidajen da yake zuwa sai ya tarar mata sun riga shi da tsintsiya. Ya ce hanyar nan ita ce wasiƙar da gara ke bar masa, da ita yake sanin ta ina ta shigo, ko tana nan da rai ko ta tashi. Wanda ya share shi ya makantar, gara ko a jikinta. Yanzu sai dai ya bi ta da kunne.

Daga waje ya fara. Ya zagaye gindin gini, ya tona inda ruwan alwala ke zuba, ya leƙa ƙarƙashin famfo. Ya yaba da bai ga komai jingine da bango ba, ba itace, ba tabarma, ba ko ƙotar gatari. Laminu ya ce ai wannan dokar Inna ce, suna yara sun sha duka a kan jingina hauya, har yau ba su san dalili ba. Sannan ya shigo ciki. Katakon ƙofata shuɗin fenti gare shi, yana sheƙi, bara-bara aka shafa. Sahabi ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya danna ƙarfen nan. Ƙarfen ya shige kamar cikin tuwo.

"Kai, wanga ai ginin Arzika na. Waje sumul, ciki ƙasa."

Na ce masa wane Arzika. Ya ce oho, magana ce ta magina, kowa na faɗinta a Konni. Wani maha'inci ne na zamanin da, can wajen Tajaye aka ce, ya cuci mutane da rumbu. Laminu ma ya yi dariya. Ni na fita na zauna gindin randa. Arzika bai cuci kowa ba, kuma duk duniya yau ni kaɗai na san haka.

Ina da shekara ashirin da kaɗan a lokacin, a gidan mijina, wani ƙauye na ƙasar Tajaye, da goyon ɗan fari a bayana. Daminar da ta gabata ta yi mana rowa. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya yi ciki, zangarnu suka fito rabi ƙwaya rabi iska. Gandun da ya saba cika rumbu uku, ɗaya ma bai kai masa baki ba. Surukina ya tara 'ya'yansa ya yanke magana. Za a liƙe rumbun nan, ba mai buɗe shi sai ruwan shuka ya sauka. Ya ce yunwar rani ana lallaɓa ta a zaune, yunwar damina ce ke kashe gida, don ba a noma da cikin wofi. Maza su tafi cin rani, mata su ci abin gamanarsu, wato 'yan gonakinmu na kanmu.

Baba Arzika ne ya gina rumbun. Ɗan guntun tsoho ne, siriri, ƙasa ta cinye masa farce. Da ƙasar suri yake gini, wadda gara ta tashi ta bari, ya kwaɓa ta da ciyawa da makuba, ya ɗora bisa duwatsu yadda kaza za ta ratsa ƙarƙashi ba ta sunkuya ba. Kuma ba ya gini ya tafi. Duk rumbun da ya fito daga hannunsa sai ya zagayo shi sau uku a shekara ba wanda ya kira shi. Ya rarrafa ƙarƙashi, ya shafa duwatsu, ya ƙwanƙwasa cikin rumbun da bayan yatsa yana saurare. Da kaka a ba shi dami. Duk sabuwar matar da aka kawo gari sai ya tsayar da ita ya gaya mata doka ɗaya, ni ma ya gaya mini.

"Ɗiyata, rumbu ba shi son abokin jingina. Ko muciya kada ta taɓa shi. Gara ba ta hawan dutse kaji na kallo, gada taka nema."

Ranar liƙewa shi ya barbaɗa toka, ya shimfiɗa ganyen bedi, wato dogon yaro, tsakanin dammuna, ya yaɓe bakin da hannunsa, aka ɗora jinka. Kwana uku bayan haka maza suka kama hanyar Najeriya, gari ya koma na mata da tsofaffi.

Ranin nan a tsare muka ci shi. Da asuba rijiya, ruwa ya yi nisa har sai an ƙulla igiya biyu. Rana na ɗagawa mu shiga daji ɗiban 'ya'yan anza, mu dawo mu fasa, mu jiƙa, kullum ana sake ruwa har ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka. Da azahar a auna hatsin gamana da tafin hannu, tafi ɗaya, a dama kunu mai ruwa-ruwa. Abokiyar turmina Hajo ce, ɗiyar Baba Arzika, sa'ata, tana aure a gidan da ke maƙwabtaka da namu. Ita ke luguden, ni ke zagi. Ina zagin anza, ina zagin rijiya, ina zagin mazan da suka tafi ba aike, ita tana dariya har taɓarya ta kuɓuce mata.

Akuya ɗaya gare ni, uwata ta ba ni, kuma a gidanmu duk ita kaɗai ta rage. Nononta ke taimaka wa nawa. Saboda ita na tara kara da harawa tun da kaka. Dabbobin gari sun yi yunwa, suna cin darni, suna cin igiya, duk inda na ajiye sai na tarar an ja. Tsakanin rumbu da katanga akwai wani ɗan lungu mai inuwa, ba mai bi. Can na kai dammunan karan na jingina su da cikin rumbun. Na san dokar. Na ce kwana biyu ne, kafin in gyara wuri. Na kuma ce a raina, tsoho da yawan doka, shi ya taɓa shayar da yaro?

Kwana biyun ya zama wata biyu da 'yan kai.

Bazara ta shigo irin ta bana. Iska ta tsaya cak. Ruwan randa kamar an sauke daga murhu, ƙadangaru sun buɗe baki a gindin katanga, yaro na kuka ba hawaye. Hadari ya haɗu gabas da la'asar, mu ɗaga kai, ya watse. Ranar da aka ga shamuwa ta fari bisa tsamiya na je ɗaukar ragowar karan. Na kama dami, ya ruguje a hannuna. Bayansa hanyoyi uku ne, kowace faɗin yatsa biyu, sun bi inda karan ya jingina, sun tsallake duwatsu, sun shige cikin rumbun ta wata 'yar tsaga. Na kara kunnena. Wani sauti na ji siriri, kamar yayyafi bisa busasshen ganye.

Na san abin da ya kamata. In ruga wurin surukina, a fasa bakin rumbu a ranar, a baza dammuna a rana, a ceci abin da zai cetu. Na kuma san abin da zai biyo baya. Rumbu ɗaya tal, gida guda na dogara da shi, ga kuma matar da ta fi kowa baki ita ta yi wa gara gada. Wataƙila a mayar da ni gidanmu, yaro na isa yaye a karɓe shi. Shekaru da yawa da wannan nake wanke kaina. Amma tunda na zauna rubutu bari in faɗi gaskiya, a wannan lokacin ba saki na tuna ba. Matan bakin rijiya na tuna, da yadda za su yi shiru in na iso.

Na ɗauki sakaina na kankare hanyoyin. Na kwaɓa laka da kashin akuyata, irin yaɓen da muke wa murhu, na toshe tsagar, na shafe wurin. Na barbaɗa toka yadda na ga tsohon na yi. Na share, na watsa dusa kaji suka zo suka tattake sawuna.

Bayan kwana huɗu Baba Arzika ya zo zagayensa na gaban damina. Ya rarrafa, ya fito, ya bi rumbun yana ƙwanƙwasawa. Da ya kai lungun sai ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa, ya sake. Ina kusa, ina sheƙar ƙaiƙayin da ba komai cikinsa.

"Ɗiyata, kunnena ya tsuhwa, idonki sabo na. Ke ka share nan kullum. Kin ga sawu?"

"Ban gani ba, Baba."

"An jingina wani abu?"

"Ko tsinke."

Ya gyaɗa kai. Ya ce wani lokaci zafi kan sa laka ta yi amon wofi. Ya je ya gaya wa surukina rumbu lafiya lau, kada a fasa, don rumbun da aka buɗe kafin lokaci ƙwari na shiga, hannu ma na shiga.

Fiye da wata guda aka ƙara. Kowace safiya in na je shara sai in kara kunne. Yayyafin na nan.

Maza suka dawo ɗaya-ɗaya, da 'yan turamen atamfa da gishiri, sun rame sun yi baƙi. Sai wata la'asar hadari ya haɗu bai watse ba. Iska ta fara kwashe jinka, sannan ruwa ya kece, manyan ɗigo masu ɗumi, ƙasa ta saki ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Yara suka fita tsirara. Tsofaffi na hamdala. Ni ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallon rumbun.

Da safe kowa ya fito da sungumi. Surukina ya ba da izini, maigidana ya kafa tsani, ya sauke jinka, ya fasa yaɓen, ya shiga. Mu mata muka jeru da ƙorai, Hajo ma ta zo taya mu sussuka, tana tsokanata wai yau bakina zai huta tunda zai samu abin tauna. Dammunan sama suka fito lafiya. Aka karɓa ana murna. Sai miƙowa ta tsaya. Muka ji maigidana ya kira ubansa da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ɗago hannu, igiyar dami ce kawai. Ya sake ɗagowa, jar ƙasa ce cike da tafinsa. Daga kamu biyu zuwa ƙasa duk haka yake, ƙasa mai huji-huji kamar saƙar zuma.

Aka kira Baba Arzika, gari ya biyo shi. Surukina mutum ne da ba ya ɗaga murya, ranar ma bai ɗaga ba, ya dai ce a gaban kowa, kai ka ce mini lafiya. Tsohon ya rarrafa ƙarƙashi. Duwatsu tas, ba sawu ko ɗaya. Nan wani ya ce in gara ba ta hau ta ƙasa ba, to, a cikin lakar take tun farko, surin da ya ɗebo da rai yake, ya gina wa mutane gara a rumbu. Magana ta samu gindi, kowa ya kama.

Tsohon ya miƙe. Ya zagaya lungun. Ya ɗora tafinsa daidai inda na shafe, ya ƙwarzana da ragowar farcensa, ya kai hanci. Shi ba ya kwaɓi da kashin akuya. Gidan kuma akuya ɗaya ce. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi yaron da ke bayana. Ya goge yatsan a rigarsa, ya juya ga surukina.

"Malam, laihina na. Ban gani ba."

Ina tsaye. Bakin nan nawa da ya taɓa korar mai karɓar haraji daga ƙofar gida, ranar ko uffan.

Abin haushi, daminar ta yi kyau. Ruwa kan kari, gari ya yi kore shar, mu kuwa muna kallo da idon yunwa. Abin da aka ceto rabi ya tafi iri, rabi bai kai mu ƙarshen noman fari ba. Maigida da 'yan'uwansa suka koma ƙwadago a gonakin mutane, kwana uku can don tiyar hatsi, kwana ɗaya a tamu, ciyawa ta fi geronmu tsawo. Aka sayar da sa. Aka sayar da akuyata, mutane suka yi mamakin haƙurina. Muka dafa tafasa ba ƙuli, kanwa da gishiri kawai. Muka ci dusa. Ƙasar rumbun nan muka riƙa tankaɗewa muna wankewa don 'yan ƙwayoyin da suka tsira, kunun ya fito ja, haƙori na ƙas-ƙas da tsakuwa. Da shinge, garar nan mai fiffike, ya fito bayan ruwa yara suka tara, aka soya, surukata ta ce gara ta ci namu mu ma mu ci nata, aka yi dariyar dole. Ni na kasa haɗiyewa.

Yunwar damina daban take da ta rani. Jiƙaƙƙiya ce, mai sanyi. Ka sunkuya da hauya, ka ɗago, duniya ta yi duhu da 'yan taurari. Mu ɗaure ciki da ɗankwali mu ci gaba. Nonona ya ƙafe, yaron ya koma tsotso yana saki yana kallona.

A lokacin ne Hajo ta fara shigowa da wani abu ƙunshe a bakin zanenta. Hatsi ne, wani lokaci tafi biyu, wani lokaci uku. Ta faki ido ta juye mini a ƙwarya. Na ce daga ina, alhali su ma ba su da shi. Ta ce daga ɗan abin da ya rage wa tsohon ne.

"Baba yac ce a kawo miki, don yaron."

Na karɓa. Na dama na ba yaron, na sha ragowar. Ba sau ɗaya ba, har sabon gero ya nuna.

Kaka ta zo, ba wanda ya mutu a gidanmu, Allah ya rufa asiri. Amma ba wanda ya sake kiran Baba Arzika gini. In ya zo zagaye sai a ce masa an gode, an riga an duba. Damin kaka ya yanke. Ya koma gindin bedi yana tufkar igiyar kaba. In na zo wucewa shi ke riga ni gaisuwa, ya ce ɗiyata, ya yaron. Bai taɓa ƙarawa a kan haka ba har ya rasu.

Maganar kuwa a dandali ta fara, da wasa. Tukunya mai kyau ta tsage a wuta, a ce ginin Arzika. A ɓare goro a ga tsutsa, ginin Arzika. Saurayi mai babbar riga ba gona, ginin Arzika. Sau ɗaya ni ma na faɗa, a gidan suna, don na ga ana dariya ni kaɗai na yi shiru. Hajo na zaune daga gefe tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba.

Da maigida ya samu aiki muka dawo Malbaza, na ɗauka na baro maganar can cikin ƙauye, za ta mutu tare da tsofaffi. Maigidan ya rasu bai sani ba. Na haifi 'ya'ya na dake su a kan jingina hauya. Na yi karatu, na iya karanta takardar asibiti da sunan mota, ana kirana sasanta mata in sun yi faɗa, wai ni ba na ɓoye gaskiya. Ashe maganar ta riga ni hawa mota, ta je Konni ta zauna a bakin mutanen da ba su taɓa ganin tsohon ba. Hajo tana nan da rai a ƙauyen. 'Ya'yanta biyu magina ne, kuma na ji in sun je neman aiki ba sa faɗin ko jikokin wa ne.

Ina nan gindin randa Sahabi ya gama. Da kunnen ya samo garar. A kusurwar ɗaki daɓen na amon wofi, ya ce masu gini ne suka binne guntayen katako da kututture a ƙarƙashi, gara ta samu abinci da sanyi, daga nan ta bi tsagar siminti ta hau. Ya ce gobe zai zo da famfon feshi da injin huda. Za su haƙa rami kewaye da gindin gini, su huda daɓen, su ɗura magani, su toshe da siminti. Katakon ƙofa sai an cire. A kulle kaji, a fitar da randa da kayan abinci, jikoki su yini gidan maƙwabta. Bayan damina zai dawo ya sake dubawa. Da zai hau babur ya juyo.

"Inna, in kin ga sabon sawu, don Allah ki bar mini shi. Ba abin kunya ba na. Gara ba ta san mai tsabta ba."

Ya tayar da babur ya tafi. Laminu ya dube ni ya ce ko ba ni da lafiya, don bai taɓa ganin an faɗa mini magana ta kwana a ƙasa ba. Na ce zafi ne. Na tashi na ɗora tukunya. Shinkafa na ɗebo daga buhu, ban auna da tafi ba. Jikata ta ci rabi ta ture kwano wai mai ya yi yawa, kaji suka cinye sauran. Na dubi ƙofar nan mai shuɗin fenti da hujin ƙarfe a jikinta, na daɗe ina dubanta.

Washegari Sahabi ya iso tun rana ba ta yi zafi ba, da famfonsa da ma'aikata biyu. Ya tarar da ni a ƙofar gida da mayafin tafiya. Na ce ya ajiye kayan tukuna. Na kira Laminu, na ce ma'aikatan ma su matso, tunda su ma magina ne. Na faɗa musu duka, karan da sakainar da kashin akuyar, da abin da tsohon ya ce bayan ya kai yatsa hanci, da hatsin da ke zuwa a bakin zane. Laminu ya sunkuyar da kai, ya san yaron goyon nan yayansa ne.

Sahabi ya ce, "Inna, ai abin ya wuce. Allah shi gahwarta muna."

"Bai wuce ba. Jiya-jiya ka hwaɗe shi cikin ɗakina. In kana son sunan da za ka liƙa ma ruɓaɓɓen katako, ga nawa, Kulu. Ka kai ma maginan Konni. Na Arzika ka aje shi."

Na ja shi ciki na nuna masa bayan gado. Kafin gari ya waye gara ta sake tayar da hanya, tsawon ɗani guda, ɗanya, tana sheƙi. Tsintsiya na kusa, ban taɓa ba. Na ce ga wasiƙarka nan.

Na hau kabu-kabu zuwa tasha, na shiga motar Tajaye, daga bakin hanya na ƙarasa da ƙafa. Hadari na haɗuwa gabas. Na tarar da Hajo a tsakar gida tana tsince wake, idonta ya yi rauni, sai da na yi sallama ta biyu ta gane muryata. Ta tashi da murna tana cewa yau wace rana, mai zagin anza a gidanmu, ta ruga ɗaki ta jawo tabarma. Na ce ta aika a kira 'ya'yanta maza.

"Bar tabarmar, Hajo. A tsaye zan hwaɗi wagga magana."